WANKIN TUFAFI DA ADANA SU

Ya mai-karatu, ko ka riga ka soma bin wannan hanya, ko kuwa kana cikin tambaya tukuna, akwai wata damuwa da ta kan sami sababbin masu-bi, wadda ba su cika faɗinta a fili ba, watau zancen abin sawa. Mutum ya kan duba rigarsa ran Asabar da dare, ya ga ta koɗe, wuyanta ya yi baƙi, hammatarta ta ɓarke, sai kunya ta kama shi. Wani ya kan zauna gida ran Lahadi saboda wannan. Wani kuma ya kan ci bashi wurin mai-yadi da tela gab da Kirsimati, ya yi ado kwana 2, ya yi wata 6 yana ɓuya ga masu-binsa. Mutanen dā sun yi gaskiya da su ka ce zanen aro ba ya rufe katara.

Ka sani ba wanda ya ɗora maka dokar sabuwar riga, ba a kuwa ce sai ka sa tufafin wata ƙasa kafin a karɓe ka ba. Manzo Yaƙub, cikin sura 2 ta wasiƙarsa, ya tsauta wa waɗanda su ke ba mai-kyakkyawar riga wurin zama mai-daraja, su bar matalauci a tsaye. Domin wannan ka zo da abin da ka ke da shi. Amma abin nan da ke hannunka, kome ƙanƙantarsa, amana ne. Cikin Littafin Fitowa, sura 22, an umurci wanda ya karɓi mayafin maƙwabcinsa jingina ya mayar masa kafin faɗuwar rana, gama da shi ya ke rufa ya kwana. Idan shari'a ta ba mayafin matalauci daraja haka, bai kamata mai-shi ya bar shi ya lalace saboda sakaci ba.

Abin da wannan darasi ya ke so ya koya maka ke nan: yawancin tufafi a gida su ke mutuwa tun kwanansu bai ƙare ba, ta wurin jinkirin wanki, da ƙarfin hannu, da muguwar ajiya. Rigar da ta yi shekara 2 maimakon 1 ta mayar maka da rabin kuɗinta, wannan rabi kuwa hatsi ne, ko kuɗin makarantar yaro.

1. ABIN DA KE CIN TUFAFI

Kowane yadi zare ne da a ka saƙa, wani bisa wani. Sa'anda ƙura da rairayi su ka shiga tsakanin zaren, su kan yi ta goge shi duk lokacin da ka motsa, kamar yadda dutsen niƙa ya ke yi wa hatsi. Gumi kuma yana da gishiri da maiƙon jiki. Idan ya bushe cikin riga ya daɗe, ya kan sa farin yadi ya yi rawaya, ya ɓata launin mai-launi, ya kuma jawo ƙwari. Shi ya sa wuya da hammata su ke riga sauran wurare lalacewa. Dauɗar kwana 2 ruwa da sabulu kaɗan sun ishe ta, amma ta wata guda sai da dirza mai-tsanani, dirzar nan kuwa ita ce ke tsinka zare.

Idan kana da riga 2, ka riƙa musanya su, kada ka lizimci ɗaya har ta mutu. Ka ware tsohuwa domin gona da aikin ƙarfi. Sa'anda ka tuɓe riga da maraice, kada ka dunƙule ta ka jefa a lungu tana da laimar gumi. Ka rataye ta inda iska ke ratsawa. Ba kowace sawa ce ke bukatar wanki ba: babbar riga da ka sa bisa taguwa sa'a 2 ko 3, shan iska ya ishe ta. Amma abin da ke manne da fata, da kayan jarirai, waɗannan a wanke su kullum.

2. KAFIN A ZUBA RUWA

Ka fara da rarrabawa. Farare waje ɗaya, masu-launi waje ɗaya, kayan gona masu-dauɗa ƙwarai waje ɗaya. Sabuwar atamfa, da kowane yadi mai-duhun launi, a wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi karo na farko da na biyu, har a ga ya daina zuba. Haka kuma kayan da a ka rina da baba, irin na marinar Ƙofar Mata a Kano: shuninsu ya kan sauka bisa abin da ya taɓa su, ba a haɗa su da kome. In kana shakkar wani yadi, ka jiƙa gefensa, ka danna farin ƙyalle a kai. Idan launi ya hau ƙyallen, ka san zai zuba.

Ka lalube aljihu. Ƙusa ɗaya ko tsabar kuɗi da a ka manta ta kan bar tsatsa, ɓarin goro kuma ya kan rina aljihu duka. Ka ɗaure mazagin wando domin kada ya shige. Ka juya riga mai-aiki ciki waje, domin zaren aikin ya tsira. In ka ga ƙaramar yagewa ko maɓalli yana lilo, ka ɗinke tun ba ka sa ruwa ba, gama wanki ya kan faɗaɗa kowace ɓaraka.

Tufafin da a ke saya ɗinkakku, har da na gwanjo, galibi suna da ɗan ƙyalle a wuya ko a gefe mai-ɗauke da alamu. Hoton baho da lamba a ciki, kamar 30 ko 40 ko 60, yana nuna iyakar zafin ruwan da yadin ke jimrewa bisa ma'aunin digiri. Hoton hannu cikin baho, watau a wanke da hannu a hankali. Alama mai-kusurwa 3 da a ka soke, watau kada a sa ruwan faranta tufafi. Kayan gwanjo kuwa, ko da sun yi kama da masu-tsabta, lalle a wanke su a goge kafin a sa, domin ba ka san jikin da su ka fito ba.

3. RUWA DA SABULU

Ba duka ruwa ne ɗaya ba. Ruwan wasu rijiyoyi yana da nauyi, sabulu ba ya kumfa a cikinsa sai ya bar wani abu kamar diddiga bisa yadi. Ruwan sama ya fi kowane daɗin wanki. Mai-hikima ya kan tara shi da damina. Ruwan toka da a ka tace yana taimakon wankin auduga mai-kauri, amma yana da kaifi, yana cin hannu, yana kuma ɓata ulu da alharini.

Ina gargaɗinka game da wanki a kududdufi da tafki da bakin madatsar ruwa. Cikin irin wannan ruwa mai-kwanciya akwai ƙananan dodon-koɗi da ke sakin tsutsar da ido ba ya gani, ta shiga ta fatar wanda ya tsaya a ciki, ta kawo ciwon tsargiya, watau fitsarin jini. Yara da mata masu-wanki su ne ta fi kamawa. In ba wani ruwa sai shi, a ɗebo a ajiye cikin tulu ko baho kwana 2, gama tsutsar ba ta daɗewa da rai idan ba ta sami jiki ba. Sa'annan a yi wankin a gida.

Yawan sabulu ba shi ne tsabta ba. Garin sabulu ya kamata a narkar da shi sarai cikin ruwa kafin a sa tufafi, domin in an barbaɗa shi bisa yadi kai tsaye ya kan bar dabbare-dabbare. A jiƙa kamar rabin sa'a, dauɗa ta saki da kanta. Kada a bar masu-launi su kwana cikin ruwa. A cuɗa wuya da hammata da bakin hannu da tafin hannu, yadi bisa yadi. Buroshi mai-ƙarfi da bugawa bisa dutse, a bar su ga buhu da bargon jaki. Shadda da leshi da yadi mai-laushi ba su jimre su ba. A ɗauraye sau 2 ko 3 har ruwa ya fita garau, gama sabulun da ya rage cikin yadi yana sa shi tauri, yana jawo ƙura, yana kuma sa jariri ƙaiƙayi. A matse a hankali, kada a murɗe kamar mai-tufkar igiya. Rigar sanyi ta ulu kuwa, ruwan sanyi kaɗai, ba dirza. Ruwan zafi ya kan sa ta tsuke har ta koma ta yaro, ba ta kuwa komowa.

Ruwan nan mai-kaifin wari da a ke sayarwa a kwalba domin faranta tufafi, wanda a ke kira bilic, na farar auduga ne kaɗai, a kuma surka shi da ruwa mai-yawa bisa ga abin da a ka rubuta a jikin kwalbar. Yana cin zare kaɗan kaɗan, yana narkar da ulu da alharini. Kada daɗai a gauraya shi da maganin wanke masai ko wani abu mai-tsami, domin haɗin yana tada iska mai-dafi da ke ƙona huhu. A ajiye shi inda hannun yaro ba ya kai, kada kuma a juye shi cikin kwalbar abin sha.

4. MAGANIN TABO

Kowane tabo yana da sauƙi a ranarsa. Jini, da ƙwai, da nono, ruwan sanyi ne maganinsu. Ruwan zafi ya kan dafa su cikin zare su zauna. Manja da miya, a kankare abin da ke sama, a shafa sabulu a wurin, a wanke da ruwan ɗumi, a shanya a rana, gama rana tana cinye jan manja. Goro da shayi, a zuba musu ruwa nan da nan tun ba su bushe ba. Tsatsa, a matsa lemun tsami da ɗan gishiri, a sa a rana, a ɗauraye. Bilic ba ya fid da tsatsa, sai ya ƙara kafa ta. Kada ka goge riga da dutsen guga tana da sauran tabo, domin zafi ya kan hatimce shi.

5. SHANYA DA GUGA

Rana baiwa ce ga farare: tana ƙara musu haske, tana kashe wari. Amma ita ce kuma ke koɗar da masu-launi. Atamfa da shadda mai-launi a juya su ciki waje, a shanya a inuwa inda iska ke bugawa, a kwashe da zarar sun bushe. Rigar da a ka bari bisa igiya kwana 3 ta sha rana da raɓa da ƙurar hunturu, ta tsufa ba tare da an sa ta ba. A shafe igiya kafin shanya. Waya mai-tsatsa da shingen ƙaya ba wurin shanya ba ne.

Kada a shanya tufafi a ƙasa. Akwai wani ƙuda a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, ya fi yawa da damina, wanda ke zuba ƙwai cikin rairayi mai-inuwa da bisa tufafi masu-laima, balle waɗanda ke da sauran warin fitsari. Sa'anda a ka sa tufafin, tsutsa ta kan huda fata ta zauna, wurin ya kumbura kamar maruru mai-ƙaramin baki, tana girma a ciki fiye da mako guda. Jarirai su ne ta fi samu, ta wurin ƙyallayensu da zanen goyo. Maganinta igiya mai-tsawo a sarari, da guga mai-zafi ciki da waje.

Ga dutsen guga kuma akwai ƙa'ida. Hotonsa bisa ɗan ƙyallen nan yana da ɗigo: ɗigo 1 zafi kaɗan ne, kamar digiri 110, domin yadin roba, ɗigo 2 kamar 150, domin ulu, ɗigo 3 kamar 200, domin auduga. Yadin roba narkewa ya ke yi, ramin da ya yi kuwa ba ya gyaruwa. Mai-dutsen gawayi ya fara da masu-son zafi kaɗan tun dutsen bai yi ƙarfi ba, ya gwada bisa tsumma, ya hure toka, ya rufe murfin da kyau, gama tartsatsi ɗaya ya isa ya huda rigar da a ka yi wata 3 ana tara kuɗinta. A shimfiɗa farin ƙyalle bisa aiki da bisa baƙin yadi kafin a goge. Babbar riga da kayan baba, masu-bugu sun fi dutsen guga sanin hakkinsu.

6. TUFAFI DA LAFIYAR GIDA

Kwarkwata ba a fata ta ke zama ba, cikin ɗinkin tufafi ta ke ɓuya ta yi ƙwai, ta fito ta sha jini. Ban da ƙaiƙayi, tana ɗauke da zazzaɓi mai-kisa da likitoci ke kira taifus, wanda dabam ya ke da taifot. Wani likita Bafaranshe, Sharl Nikol, da ke aiki a Tunis, ya lura masu-wannan ciwo suna sa wa mutanen gidansu da masu-karɓar tufafinsu, amma da zarar an yi musu wanka an sāke musu tufafi a asibiti sai su daina sa wa kowa. Daga nan ya gane, cikin 1909, kwarkwata ce ke yaɗa shi. Ka ga wanki da a ke renawa yana tsare rai. Ruwan da zafinsa ya kai digiri 60, wanda hannu ba ya jimrewa, yana kashe kwarkwata da ƙwanta. Haka kuma guga mai-zafi bisa layin ɗinki.

Idan ƙazwa ta shiga gida, a nemi magani wurin ma'aikacin lafiya domin dukan mutanen gidan a lokaci ɗaya, a kuma wanke tufafi da zannuwan gado da ruwan zafi a wannan rana. Abin da ba ya wankuwa a ɗaure cikin leda, a ajiye aƙalla kwana 3, gama ƙwaron ba ya daɗewa in ba jikin mutum. In an yi magani an bar tufafi, ciwon ya kan komo.

7. AJIYA

Kada ka sa kome cikin akwati sai ya wanku ya bushe sarai. Laima kaɗan da damina ta isa ta kawo fumfuna, baƙaƙen ɗigonta kuwa da wuya su fita. Asu yana cin ulu, ya fi kuma son wurin da gumi ko miya ta taɓa. Kyankyasai suna bin sitaci, domin haka rigar da za ta daɗe a ajiye kada a sa mata sitaci sai ran da za a sa ta. A ɗora akwati bisa duwatsu ko katako, nesa da bango, saboda gara da sanyin ƙasa. A fitar da kaya su sha iska sau ɗaya a wata da damina, a sāke ninki, domin yadi ya kan karye a layin da ya daɗe a ninke.

Ga wani gargaɗi ga iyaye. Farin ƙwallon kafur da a ke sawa cikin akwati domin korar ƙwari dafi ne. Yara su kan ɗauka alewa ce su haɗiye. Banda wannan, akwai wani rashi a cikin jini da a ke haihuwar mutane da yawa da shi a Afirka ta Yamma, galibi maza, ba tare da iyaye sun sani ba. Jariri mai-wannan rashi, in an sa masa kayan da su ka sha kafur, jininsa ya kan lalace, ya yi shawara mai-tsanani wadda ke iya taɓa ƙwaƙwalwa. Kada kafur ya kusanci kayan jariri ko zanen uwarsa. In kuwa idon jariri ko jikinsa ya yi rawaya, a kai shi asibiti a ranar.

8. ALLURA DA ZARE

Kowane gida ya kamata ya kasance da allura, da zare fari da baƙi, da 'yan maɓallai cikin gwangwani. Ɓarakar da ta kai tsawon yatsa yau, in an bar ta, jibi ta kai taƙi. Maho mai-kyau ba abin kunya ba ne. Shaida ce gidan nan akwai mai-kula.

Ubangiji Yesu ya yi misali da wannan sana'a cikin Bishara ta Markus, sura 2, inda ya nuna ba a yi wa tsohuwar riga maho da sabon ƙyallen da bai taɓa shan ruwa ba. Abin da ya ke koyarwa ya fi zancen ɗinki nisa, amma misalin gaskiya ne ga kowane tela: sabuwar auduga ta kan tsuke a wankin farko, ta ja tsohon yadin da ke kewaye da ita, yagewar ta fi ta dā. Domin haka ka yi maho da ƙyallen da ya riga ya wanku, mai-kauri ɗaya da rigar, ya kuma zarce ramin ta kowane gefe har ya kama yadi mai-ƙarfi. Sabon yadi ma, gwamma a jiƙa shi ya bushe kafin a kai wa tela.

Sa'anda riga ta gama aikinta, ba ta ƙare ba tukuna. Ta uba ta kan zama taguwar ɗa, tsohon zane ya zama ƙyallen jariri, abin da ya rage ya zama tsumman shafe kwano.

9. AIKIN WANE NE?

Kai maigida, kada ka ce wannan zancen mata ne. Ka dubi matarka: ta ɗebo ruwa, ta yi daka, ta yi tuwo, ga goyo a baya, sa'annan ka zubar mata da tufafi a tsakar gida ka tafi hira. Ɗebo ruwan wanki, da kafa igiya, da guga, da wanke kayan gonarka, ba su rage maka girma ko kaɗan. Ke kuma uwargida, ki koya wa 'ya'yanki maza da mata tare, su wanke nasu tun suna ƙanana, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaron da ya wanke rigar makarantarsa da hannunsa ba ya birgima da ita cikin taɓo. Ku sa wa wanki rana cikin mako, kada ya zama sai daren Asabar a ke neman sabulu da fitila.

Kada kuma tsabtar rigarka ta zama maka abin fahariya, har ka rena wanda bai kai ka ba. Sabulu ba ya kai ga zuciya. Ka tuna da Dokas ta birnin Yafa, wadda labarinta ke cikin Ayyukan Manzanni, sura 9. Sa'anda ta rasu, gwauraye su ka kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna masa riguna da tufafin da ta ɗinka tun tana tare da su. Da allura ta yi hidimarta. Kai ma, in ka kiyaye abin da ke hannunka, za ka tsira daga bashi, watakila kuma ka sami riga mai-sauran ƙarfi, wankakkiya, gyararriya, da za ka ba maraya a unguwarku.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne abubuwa 3 ne ke kashe tufafi tun kwanansu bai ƙare ba?
2. Don me ba a wanke jini da ruwan zafi?
3. Wace cuta ce a ke ɗauka wurin wanki a kududdufi, ƙaƙa kuma za a kauce mata?
4. Don me ba a shanya kayan jariri a ƙasa, ba a kuma sa musu kafur?
5. Da wane irin ƙyalle ya kamata a yi maho?
6. Wane sashi na wannan aiki za ka ɗauke wa mutanen gidanka cikin makon nan?